Ladi Kwali, Maginiyar Tukwane ta Suleja, da Hannuwan da Suka Riƙe Nata

Idan mai karatu ya laluba aljihu ya sami takardar naira ashirin, bari ya juya bayanta ya duba da kyau. A gaba akwai hoton Janar Murtala Muhammed, wanda kowa ya sani. A baya kuwa ga wata mace ta duƙufa bisa aikin yumɓu, hankalinta duka yana kan abin da ke hannunta. Ita ce Ladi Kwali. Tun shekarar 2007 da Babban Bankin Nijeriya ya fito da wannan takarda hotonta yake yawo daga hannu zuwa hannu, a kasuwa da tashar mota, amma da za a tsayar da masu wucewa a tambaye su ko wace ce, kaɗan ne za su ba da amsa. Mun ga ya dace mu kawo tarihinta a wannan fitowa saboda wani abu guda da ya ratsa rayuwarta: a kowane mataki an sami wani babba da ya tsaya ya ba ta lokacinsa, ita ma da ta zama babba ba ta hana na baya nata lokacin ba.

An haife ta wajen shekarar 1925 a garin Kwali, cikin ƙasar Gbagyi, waɗanda Hausawa suka saba kira Gwari. A yau Kwali tana cikin Babban Birnin Tarayya, amma a wancan zamani tana ƙarƙashin masarautar Abuja ce, wato tsohuwar Abuja wadda yanzu muke kira Suleja. Ladi suna ne na 'ya mace da aka haifa ran Lahadi, Kwali kuwa sunan garinsu ne da ya bi ta har ƙasashen waje. Ba ta shiga makarantar boko ba. A ƙasarsu ginin tukwane aikin mata ne, kuma aiki ne mai daraja, gama ba gidan da zai zauna ba tare da randar ruwa da tukunyar dafuwa da kasko ba.

Wadda ta koya mata wannan aiki wata 'yar'uwar iyayenta ce. Marubuta tarihin Ladi sukan wuce wannan baiwar Allah da jimla ɗaya su ci gaba zuwa labarin Turawa da tafiye-tafiye. A ganinmu a nan ne ya kamata a dakata, domin duk abin da duniya ta yaba daga baya a wannan tsakar gida aka dasa shi.

Ga yadda aikin yake. Maginiyar Gbagyi ba ta da keken juya yumɓu. Takan haƙo yumɓu, ta jiƙa, ta tattaka, ta tsince tsakuwa, ta cuɗa har ya yi laushi daidai. Sa'an nan ta aza dunƙule guda a kan mazauni, ta nutsa hannu a tsakiyarsa, ta riƙa jan bangon sama da yatsunta. Tukunyar tana zaune wuri ɗaya, ita maginiyar ce take kewaya ta a sunkuye, tana tafiya tana ja, tana tafiya tana gyarawa. In bango ya tashi sai ta mulmula yumɓu kamar igiya mai kauri, ta ɗora bisa baki, ta manne shi da na ƙasa har ba a ganin wurin gamuwa. Da ɗan katako ake daddale jikin domin ciki ya buɗe ya yi da'ira. Ba ma'auni, ba zane a takarda. Ido da tafin hannu su ne ma'auni, kuma randa babba takan fito da zagaye daidai kamar an auna. Bayan ta ɗan sha iska sai a yi mata ado, a mirgina ɗan tufkakken zare ko sassaƙaƙƙen itace a jikinta ya bar layi, a zana siffofi da tsinin wuƙa. Daga nan a shanya, a tara tukwanen a fili, a lulluɓe su da itace da busasshiyar ciyawa, a cinna wuta.

Wannan ba abin da ake koya da baki ba ne. Dole yarinya ta tsaya kusa da babba watanni da shekaru, tana kallo, tana gwadawa, tana ɓatawa. Kowane mai sana'a da ya taɓa ɗaukar almajiri ya san tsadar wannan. Yumɓun da aka sha wahalar ɗaukowa daga nesa yaro zai lalata shi. Aikin da za a gama kafin azahar sai ya kai la'asar. Tukunyar da bangonta ya yi kauri a gefe guda za ta fashe a wuta, wani lokaci ta fasa na kusa da ita. Mai koyarwa ce take ɗaukar wannan hasara duka, ba wanda yake biyan ta, ba kuwa tabbacin cewa yarinyar za ta zama wani abu. Malamar Ladi ta ɗauka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma sai an sami mai haƙurin tanƙwarawa.

Ladi ta fito da hannu na dabam. Tun tana budurwa aka san tukwanenta a yankin, har akan saye su kafin su kai kasuwa. Abin da ya fi jan ido shi ne adonta. Takan raba jikin randa gida-gida da layuka, a cikin kowane gida ta zana wata halitta da ta sani a dajin ƙasarsu: kunama, ƙadangare, hawainiya, kada, maciji, kifi, tsuntsu. Ba ta cika jiki da zane har ya dame ba, takan bar fili inda ya kamata a bari.

Mutum na biyu da ya riƙe hannunta shi ne Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau. Garin da yake sarauta Abu Ja ne ya kafa shi a 1828, ƙanen Makau, Sarkin Zazzau na ƙarshe a tsohon gidan sarautar da ya bar Zariya zamanin jihadi. Shi Sulaimanu Barau, kafin ya hau gadon sarauta a 1944, malamin makaranta ne. Ya yi karatu a Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, ya kuma koyar a Keffi da Bida. Wanda ya taɓa tsayawa gaban allo yakan kasance da idon gane baiwa inda wasu suke ganin abin yau da kullum. Sarki ya ga tukwanen wannan mace ta ƙauye, ya sayi da dama, ya ajiye su a gidansa a matsayin abin ado da abin nunawa ga baƙi. A zamanin da manya suka fara ɗokin kwanukan tasa da tangaran na shigowa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A gidan Sarki ne wani Bature mai suna Michael Cardew ya fara ganin aikin Ladi a 1950. Shi ma Cardew ɗan koyo ne a dā. A shekarun 1920 ya zauna a hannun Bernard Leach a garin St Ives na Ingila, ya koyi ginin tangaran a wurinsa, sa'an nan ya buɗe nasa wurin aiki. Ya yi aiki a Achimota da Vume a ƙasar da yanzu ake kira Gana, inda ya sha wahala ƙwarai, har lafiyarsa ta taɓu. Gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauke shi a matsayin jami'in ginin tukwane, ya zaga ƙasar Arewa yana duba yumɓu da itace da ruwa da irin ginin kowace al'umma. Ya zaɓi Abuja, kuma a farkon shekarun 1950 aka buɗe Cibiyar Koyon Ginin Tukwane a garin. Manufar ita ce a horar da samari su riƙa yin kwanuka da kofuna da butocin shayi masu ƙarfi da ƙyalli, da kayan da ke cikin ƙasa, domin a rage sayo na waje.

Ɗaliban farko duk maza ne. A ƙarshen 1954 Ladi Kwali ta shiga, ta zama mace ta farko a wurin.

Sai mai karatu ya auna abin da wannan yake nufi. Mace ce da ta kusa shekara talatin, gwana a sana'arta, wadda Sarki yake sayen aikinta. Ga shi ta dawo sahun masu koyo, cikin samari, ta zauna gaban keken da ba ta taɓa taɓawa ba. Ginin keke ya saɓa wa duk abin da jikinta ya saba: a nan tukunya ce take juyawa, maginiya tana zaune. Ta koyi keken har ta ƙware. Ta koyi haɗa ruwan ƙyalli da ake shafa wa tangaran, da jera kaya cikin tanderu, da yadda ake ciyar da wutar itace har ta kai zafin da ya ninka na gashin fili. Takan tsoma kwano cikin ruwan yumɓu ja ko fari, ta ɗauki ƙayar beguwa ta kankare zane a kai har launin ƙasa ya bayyana. A gindin kayanta akan buga hatimin cibiyar, mai sunan Abuja da rubutun ajami, da nata hatimin mai haruffa biyu na sunanta. Da yawa cikinmu, in mun yi suna a abu guda, girman kai ba ya barinmu mu sake zama 'yan koyo. Ita ta zauna.

Abin da ya cancanci yabo a wajen Cardew shi ne bai nemi ya shafe abin da ta zo da shi ba. Malami mai gajeren tunani da ya ce mata ta manta da ginin ƙauye tun da ga keke. Shi kuwa ya ƙarfafa ta ta ci gaba da gina manyan randunanta da hannu, yadda aka koya mata a Kwali, sai dai da yumɓun cibiya mai jure wuta, a shafa musu ƙyalli, a gasa a tanderu. Zanen kunama da hawainiya sai ya riƙa lekowa ta ƙarƙashin ƙyalli mai duhun kore ko baƙi-baƙi. Waɗannan randuna su ne suka kai sunanta duniya. Cardew kuma bai ɓoye cewa shi ma ya ƙaru da matan Gbagyi ba, gama siffar tukwanensu ta shiga aikinsa har ƙarshen ransa.

Duk da haka gaskiya ta wajaba a faɗa. Randar da aka shafa wa ƙyalli aka gasa da wuta mai tsanani takan yi nauyi, kuma ba ta tsattsafo, saboda haka ba ta sanyaya ruwa kamar randar gida. Ta tashi daga kayan aiki ta koma kayan kallo. Kuɗinta kuma ya fi ƙarfin matar ƙauyen da aka ɗauko siffar daga wurinta. Yawancin masu sayen kayan cibiyar Turawa ne da manyan ma'aikata, burin nan na cika gidajen talakawa da tangaran na gida bai cika ba. Masana har yau suna muhawara a kan ko haɗuwar nan ta ɗaukaka ginin Gbagyi ne ko ta raba shi da amfaninsa. Mu dai muna ganin duka biyun sun faru, kuma duk mai jagorar na baya ya kamata ya san cewa hanyar da ya buɗe wa ɗalibi takan rufe masa wata.

Shigar Ladi ta buɗe ƙofa ga waɗansu mata. Kafin Cardew ya bar aiki a 1965, mata huɗu sun biyo sawunta: Halima Audu, wadda ba ta yi tsawon rai ba bayan zuwanta, da Asibi Ido, da Lami Toto, da Kande Ushafa. Aka ware musu ɗaki guda a cibiyar, aka sa masa suna Ɗakin Gwari, inda suke gina manyan randuna da hannu. Kowacce ta zo da ginin garinsu, amma Ladi ce babba a ɗakin, ita ce ta riga ta san halin sabon yumɓu da sabuwar wuta, ta san inda randa takan tsage in ba a kula ba. Ga mace da ta baro ƙauyenta zuwa wurin aikin gwamnati da maza suka cika, samun wata 'yar'uwa da ta riga ta zauna a wurin, mai jin harshenta, yana iya zama bambanci tsakanin zama da komawa gida. Albashin Ladi na ginin tukwane ne. Ja da sababbin zuwa a jiki, da nuna musu hanya, wannan daga zuciyarta ya fito.

An nuna kayan Abuja a Berkeley Galleries da ke Landan a 1958 da 1959 da 1962, kuma randunan Ladi ne suka fi ɗaukar hankali. An baje aikinta a Legas lokacin bikin samun 'yancin kai a 1960. A farkon shekarun 1960 ta tafi Ingila da kanta, ta gina tukunya a gaban ɗalibai da malamai, har da Farnham da Wenford Bridge inda Cardew yake da wurin aikinsa, ta kuma je Faransa da Jamus. A 1972 ta zaga Amurka tare da Cardew da Kofi Athey, magini ɗan Gana da ya yi shekaru yana aiki a Abuja. Ko'ina aka je tsarin ɗaya ne. A kawo mata yumɓu, ta sunkuya, ta fara kewayawa, ɗaliban jami'a su yi tsit suna kallon randa tana tashi daga dunƙule ba tare da wata na'ura ba. Ba ta bukaci dogon Turanci ba, domin yadda aka koya mata haka ta koyar.

Cikin waɗanda suka amfana da ita akwai wata da ya kamata a ba labarinta fili. Magdalene Odundo 'yar Kenya ce, an haife ta a Nairobi a 1950. Tana karatun zane da gini a Farnham sa'ad da Cardew, wanda ya riga ya tsufa ya koma gida, ya ba ta shawara ta je Abuja ta ga yadda ake gini da hannu. A 1974 ta iso, budurwa baƙuwa, ba dangin iya ba na baba, ba ta jin Gbagyi. Ladi a lokacin ta riga ta yi suna, ta zaga ƙasashe, ta karɓi lambar girma ta Ingila. Babu abin da ya tilasta mata ɓata lokaci a kan ɗalibar da za ta yi 'yan watanni ta tafi, wadda watakila ba za su sake haɗuwa ba. Amma ita da su Asibi Ido da Lami Toto suka karɓe ta, suka nuna mata ginin Gbagyi daga tushe.

Odundo ta koma Ingila ta gina rayuwarta a kan wannan ginin hannu. Tukwanenta, masu launin ja da baƙi, waɗanda take gogewa har su yi santsi ba tare da ruwan ƙyalli ba, suna cikin manyan gidajen tarihi na duniya. Ta yi shekaru tana koyar da ɗalibai, a 2018 ta zama uwar jami'ar da makarantarta ta Farnham ta zama ɓangarenta, a 2020 kuma aka ba ta lambar girma mai muƙamin Dame. A hirarrakinta takan ambaci Ladi Kwali da matan Abuja a matsayin waɗanda suka sa ta a hanya. Sai a duba tsawon igiyar: wata mace a Kwali ta koya wa 'yar 'yar'uwarta, ita kuma ta koya wa baƙuwa daga Kenya, baƙuwar ta koya wa ɗalibai a Turai. Ta farkon ba ta taɓa jin sunan Farnham ba.

Girmamawa ta zo wa Ladi tun tana da rai, abin da ba kowa yake samu ba. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta, ita da ba ta taɓa zama a aji ba. A 1980 aka ba ta lambar cancanta ta ƙasa, wadda ake ba waɗanda suka yi fice a ilimi da fasaha, a 1981 kuma lambar OON. A farkon shekarun 1980 aka sa wa cibiyar sunanta.

A cikin waɗannan shekaru garin da ta yi aiki a ciki shi ma ya sāke. A 1976 gwamnatin Murtala ta yanke shawarar gina sabon babban birni a tsakiyar ƙasa, aka kuma ƙirƙiro Jihar Neja. Masarautar ta ba da yanki mai faɗi na ƙasarta, har da Kwali, ta kuma ba da sunanta. Tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau, wanda ya rasu a 1979. Cardew ya rasu a 1983. Ladi Kwali ta bi su ranar 12 ga Agusta, 1984, a Minna.

Gine-ginen cibiyar ba su sami kulawar da ta dace ba bayan rasuwarta, jaridu kuma sun sha kawo labarin lalacewarsu. Abin da ya fi ginin daɗewa shi ne mutanen da aka horar. Michael O'Brien, wanda ya gaji Cardew a 1965, ya ci gaba da dawowa Nijeriya shekaru da yawa yana taimakon matasan magina su tsaya da ƙafafunsu. Ɗaya daga cikinsu shi ne marigayi Danlami Aliyu, wanda ya koyi aiki a cibiyar ya kafa nasa wurin a Minna, kuma wuraren ginin tangaran na Maraba kusa da Kaduna da na Bwari daga wannan jijiya suka tsiro. Akwai titi mai sunan Ladi Kwali a sabuwar Abuja. Randunanta suna gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan da na Smithsonian a Washington. A 2022 an yi wani baje koli a Landan inda aka jera aikinta tare da na Odundo da na waɗansu mata 'yan baya da suka bi hanyar. A Ushafa da ƙauyukan Gbagyi kuwa har yanzu mata suna sunkuyawa suna kewaya tukunya, 'yan mata suna tsaye a gefe da ɗan dunƙulen yumɓu a hannu.